Ranar da Na Fitar da Kawu Sale

A shekarar da jirgin ƙasa mai gudu ya fara zirga-zirga tsakanin Makka da Madina, a ita ce na shiga ajin karatun manya, a ita ce kuma Kawu Sale, wan mahaifiyata, ya naɗa ni marubucin tarihin ƙungiyarsa. A lokacin ko sunana ban gama iya rubutawa ba.

Ku da kuka san shi kun san hular nan tasa mai baki. Farar riga har ƙasa, carbi a hannu, sannan hular 'yan besbol. Masallaci kaɗai ke raba shi da ita. Ya samo ta ne tun yana saurayi, lokacin da yake dafa wa Amurkawa abinci a kamfanin mai can gabas. A wurinsu ya koyi wasan: ɗaya ya jefo ƙwallo, ɗaya ya doke ta da sanda, ya ruga ya zaga zango uku ya dawo gida kafin a taɓa shi da ita. In an taɓa ka, an fitar da kai.

Akwai wata ƙungiyar ƙwararru a Amurka da yake kira "mutanena". Ya haddace tarihinta kamar salsalar gidansu: garin sanyin da aka kafa ta, yadda ta canja suna, yadda mai ita ya kwashe ta ya kai bakin teku, da shekarun da ta yi ba kofi. Ka zauna shan shayi da shi a titin Sultana, nan Madina, sai shayin ya huce ba a kai ga kakannin 'yan wasan yanzu ba.

"Kawu, me ya haɗa ka da mutanen da ba sa cin wasa?"

"Kai, ya walad, yaro! Su ma ƙaura suka yi, kamar kakanninmu da suka baro gida suka zo nan. A sabon gari aka yi ta ce musu baƙi. Ni in ban so su ba, wa zai so su?"

Ƙungiyarsa ta nan kuwa, Taurarin Harra, teloli ne da direbobi da mai gasa burodin tamis, duk an tattaro su da magiya. Yana da sanda ta ainihi, amma ba ya bari a taɓa. Da taɓaryar Inna Hajjo, matarsa, muke atisaye. Wata rana ta biyo mu har fili.

"Malam, ko taɓaryata ko abincin dare, ka zaɓa!"

Ya dube mu, ya dubi taɓaryar, ya ce, "Jama'a, yau azumi."

Da likita ya ce zuciyarsa ta gaji, bai damu da maganin ba. Damuwarsa ɗaya: Taurarin Harra ba su taɓa buga wasa na gaske ba. "Ƙungiyar da ba ta yi wasa ba ba ta da tarihi," in ji shi. "Me za ka rubuta? Cewa mun sha shayi?"

Wata Juma'a bayan la'asar muka rabu gida biyu a wani fili tsakanin baƙaƙen duwatsun Harra. Ya fito da sandar da ƙwallonsa ta ainihi, muka yi kabbara. Ni aka ajiye in tsare gida, a bayan mai duka.

Da layi ya zo kansa, Abbakar tela ya jefo masa ƙwallo a hankali kamar mai miƙa wa jariri dabino.

"Jefa da gaske, ya shehi! Ni gawa ne?"

Ya doka kuwa, ta ɗan mirgina. Ya kama hanya da 'yar sassarfarsa. Kafin ya isa zangon farko ƙwallo tana hannun Usmanu direba. Me Usmanu zai yi? Sai ya rusuna.

"Kawu, barka da isowa. Kef hal? Ya jiki?"

"Taɓa ni, mahaukaci! Fitar da ni!"

"Astagfirullah! Ni in fitar da kai? Kai fa ka yi min walicci!"

A zango na biyu mai tamis ya ɓoye ƙwallon a bayansa yana tambayar lafiyar Inna Hajjo. A na uku har kujera aka kawo masa. Mutane na ta dariya, amma ni na ga fuskarsa. Idanunsa sun cika. Abin da ya yi shekaru yana jira ya koma zagayen gaisuwa.

Ya taho gida yana haki, wani ya cillo min ƙwallon don ya rabu da ita. Saura taku ɗaya ya iso. Wannan mutumin shi ya goya ni ranar da muka binne mahaifina. Na miƙa hannu na dafa masa ita a ƙirji.

"Kawu, ka fita."

Usmanu ya ce, "La haula! Ba ka da kunya?"

Kawu ya tsaya yana kallona. Sai ya fashe da dariya har da tari, ya rungume ni.

"Khalas, shi ke nan! Yau an yi besbol a Madina! Rubuta: an fitar da Sale a bakin gida, kuma ɗan ƙanwarsa ne ya fitar da shi!"

Daga nan wasa ya kankama, babu sauran rusunawa, har aka kira magariba.

Ga shi na rubuta, Kawu, ko da yake na makara. Allah ya jiƙanka, ya sanyaya makwancinka, ya sa maƙwabtakar Manzo da ka samu a nan ta bi ka har can.

A wasan nan Taurarin Harra sun yi asarar ƙwallo ɗaya da ta shige cikin duwatsu, da gilashin mota biyu, da haƙorin Usmanu na gaba. Da sanyi ya shigo, muka rasa Kawu.