Hasken Kwalbar Kaka

Ranar wata Talata ce, cikin bazarar shekarar da na shiga aji huɗu na firamare, garin Mafara ya cika da 'yan kasuwa, sai ga Baffa Sani, ƙanen mahaifinmu da ke noman shinkafa a Bakura, ya yi sallama rungume da wata ƙatuwar kwalba irin wadda masu shago ke zuba alawa. Muka yo kansa da gudu muna tsammanin zaƙi, ashe ruwa ne a ciki, da yashi a ƙasa, da wata ciyawa mai siraran ganye da ya tumɓuko daga magudanar ruwan Bakolori, ga 'yan karfasa ƙanana suna kai da kawo a tsakaninta. Bai ko kalle mu ba, ya wuce ɗakin Kaka ya dire mata. "Tunda kin kasa zuwa gulbi, ga gulbi ya taho gaishe ki," in ji shi.

Kaka, mahaifiyar babanmu, a bakin gulbi ta tashi can wajen Maradun. Tun da ciwon ƙafa ya zaunar da ita ta daina hira, ta daina tsokanarmu, tuwo ma sai a kai a ɗauko shi yadda aka kai. Amma ran nan, tana kallon kifayen, sai da ta shanye furarta tas ba ta sani ba. Nan take aka ɗora mini kula da kwalbar, a kan sharar tsakar gida da wanke-wanken da na saba. In na dawo daga makarantar allo sai in barbaɗa musu 'yar dusa, in tsaya ina ƙirga su har a kira ni talla ko aike.

To mu a wajenmu, in kana son abu inuwa kake nema masa. Jariri inuwa, baƙo inuwa, randa inuwa. Don haka muka zaɓi wuri mafi sanyi a ɗakin, bayan ƙofa kusa da randa, har Kaka ta sa na rufe bakin kwalbar da faifai. Ɗakin kuwa na ƙasa ne, tagarsa ba ta fi tafin hannu ba. Ba a daɗe ba ciyawar ta fara yin ruwan ɗorawa, ganyen na narkewa, kifayen suka dawo sama suna buɗe baki. Kaka ta koma ture kwano. Muka kunna fitilar ƙwai a gefen kwalbar, hayaƙin ya sa ta tari, ciyawar kuma ko a jikinta. Yayana ya ara mana tocila, kafin la'asar ta mutu. Da na ga haka na kinkimi kwalbar na kai tsakar gida kusa da rumbu, rana ta dafa ruwan, gansakuka ta mai da shi kamar miyar kuka, kifi ɗaya ya juya ciki sama. Na yi kuka har da majina, Kaka kuma na jiyo ta daga ɗaki: "Ke wagga ɗiya, kihi nic ce za ni ci da za ki dahwa mani shi? Maido mani abuna!"

Mafitar ta zo ne ba da dabarar kowa ba. Inna, mahaifiyata, tana da jeren kwanukan aurenta da ko ƙuda ba ta yarda ya sauka a kai, sai an doshi salla take sauke su ta wanke. Ran da ta wanke su ta jingina a jikin turmi su sha iska, wani babban tiren silba ya kama rana ya wurga ta ta ƙofar Kaka, ta sauka daidai kan kwalbar. Ina durƙushe ina canja ruwa na ga ɗakin ya washe, inuwar ruwan tana rawa a jikin azara, kifayen suna walƙiya. Kaka ta ɗaga kai ta daɗe tana kallon rufin, sannan ta yi dariyar da muka manta muryarta. "Haka gulbi ka yi da hantsi," ta ce.

 Tsakanin Inna da Kaka akwai kunyar surukai, ko sunanta ba ta faɗa, magana ma sai kai a sunkuye. Da yamma ta mai da kwanukanta ɗaki, tiren nan kuwa ta bar shi a jikin turmi, jerenta ya zauna da giɓi a tsakiya kamar bakin yaro mai famfara. Maƙwabta in sun shigo suka tambaya, sai ta ce aro aka yi.

Daga nan gidan ya samu sabon aiki, domin rana ba ta tsayawa wuri ɗaya. Daga hantsi zuwa kiran azahar sai an yi ta karkata tiren, bayan nan a kife shi ruwan ya huta, kada gansakuka ta dawo. Ina makaranta da safe, saboda haka duk wanda ya gifta shi ke gyarawa: Inna da tabarya a hannu, mai tallan nono, matar da ta shigo ɗibar wuta, har Baba in ya dawo daga gona. Kaka ce mai ba da umarni daga kan gado: "Rana ta tsere, ku kamo ta!" In akuya ta ture tiren kuwa, unguwa duka sai ta ji. Sannu a hankali ciyawar ta yi sabon toho, kore shar, har ta taɓo bakin kwalba. In haske ya zauna a kanta, wasu 'yan ƙwayoyin iska kan fito a jikin ganyen su hau sama a jere. Kaka takan ce tasbihi take yi, ita ma sai ta jawo carbinta. Ta koma cin tuwo har da neman ƙari, ta koma ce mini mai hancin kifi. Ba ta sake taka ƙafarta ba har Allah ya karɓi abinsa, amma ba a cikin duhu ta ƙarasa ba. Allah ya haskaka makwancinta.

Kwanan baya 'yata ta kawo akwatin gilashi na kiwon kifi, ta shuka ciyawa a ciki, ta miƙo mini waya wai in zaɓi fitila. Akwai shuɗiya, akwai mai canja launi kamar ta gidan biki. Na ce a samo fara mai kama da hantsi, wadda ba ta ɗumama ruwa, a kuma riƙa kashe ta ciyawar ta huta. Aka samo, tana aiki da sola, ita ke kunna kanta ta kashe kanta, ciyawar kuwa ta yi kyau, alhamdulillahi. Nakan zauna gabanta bayan walaha, gidan shiru, kowa na ɗakinsa. Fitila ce mai kyau, sai dai ba ta sa kowa ya tashi saboda wani.