Ranar da Na Kai Faifaina Jami'a

Idan tsufa ya fara kwashe mini abubuwa daga ka ɗaya bayan ɗaya, na san wanda zai fita a ƙarshe: ranar da na ɗauki faifaina na shiga jami'a a Khartum. Ni ban taɓa zama a aji ba, kuma ba na sunkuyar da kai idan zan faɗi haka. A gonakin auduga na Jazira, a ƙasar Sudan, na girma. Da mijina ya rasu muka dawo Dar Salam, can bayan Umdurman, ni da 'ya'ya huɗu, na shiga aikin tsince riɗi a rumbun wani ɗan kasuwa. Mata ne zalla a jere a ƙasa, kowace da faifanta, muna raba riɗi da tsakuwa kafin a ɗinke buhu a kai shi bakin teku. Da wannan aikin na yi wa autata karatu har ta zama malama a jami'a.

Mutanen unguwa suna ce mata daktora, su riƙa kawo mata ciwon ido, ita kuma ta yi ta rantsuwa ba ta ba da magani. Aikinta shi ne binciken yadda ido da ƙwaƙwalwa ke haɗa kai. Me ya sa mutum ke hango abu ɗaya a cikin dubu, me kuma ya sa wani abin zai wuce ta gabansa bai gani ba. Tana da wani ɗan ɗaki a jami'a, ba taga, da kwamfuta guda, inda take zaunar da mutane tana gwada su. Burinta ta kawo mu masu tsince riɗi, don ta ce idonmu ya koyi abin da littafi bai rubuta ba.

Shekarun nan ne da sojoji suka karɓi mulki, ana korar malamai da takarda mai layi biyu. Dattijon malamin da ya riƙe ta kamar 'yarsa yana cikin waɗanda aka kora, aka ɗora wani sabo a kan sashen. Wata la'asar ta dawo gida ta zauna a bakin gadon igiya da fararen kayanta na aiki, ko takalmi ba ta cire ba. Na ce lafiya? Ta ce sabon shugaban ya ce ranar Alhamis kwamiti zai zauna, za a karɓe ɗakin a ba wani. Wai ya ce jami'a ba wajen tara jahilan Takari ba ne, matan da ba su san alif ba me za a koya a idonsu. Takari, haka suke kiran mu Hausawa idan suna so mu ji zafi.

Na ce, "Shi ya faɗi haka da bakinsa?"

Ta ce, "Yumma," haka 'ya'yanmu ke kiran uwa, "khalas, shi ke nan, bar maganar. Shekara huɗu na yi ina gina wannan aiki, ya tafi."

Na ce, "Ki kai ni wurinsa."

Ta ce wurin ba nawa ba ne. Na ce wurin da aka ambaci sunan kakannina ai nawa ne, ko ta kai ni ko in hau mota in yi ta tambaya har in same shi. Sai na ga ta miƙe zaune, ta fara tambayata yadda muke yi idan mun ciro tsakuwa. Na ce a rumbu gwangwani muke jefawa. Ta ce idan hannun mutum ne fa? Na ce hannu ma ai ya yi.

Ranar Alhamis na sa lulluɓina mai ruwan goro, na ɗaure faifai biyu da mudun riɗi a zane, muka tsallaka gada. A ƙofar jami'a wani mai gadi da kaki ya tare ni, ya ce masu talla ba sa shiga. Na ce masa da Larabci, "Ya waladi, ɗana, ka ga na yi maka tayin wani abu? Kwamiti ke jirana." Ya kalli 'yata, ya kalli ƙullina, ya matsa.

Maza uku ne a bayan dogon tebur. Shugaban yana tsakiya, da gilashi da ɗan gemu da aka gyara. Akwai wani mai ƙiba a damansa, da wani tsoho mai furfura a hagunsa. Wasu malamai mata biyu ko uku suna tsaye a jikin bango, dukansu da farin lulluɓi irin na 'yata, domin shi ma'aikata mata ke sawa. Shugaban bai ce in zauna ba, ni kuma ban jira ba. Na shimfiɗa zanena a ƙasa na zauna.

Ya ce wa 'yata, "Wannan ce hujjar taki?"

Na ce, "Ya ustaz, ina jin Larabci, yi magana da ni. An ce ka ce idona ba shi da abin koyarwa. Ga faifai biyu. Fita tsakar gida ka ɗebo tsakuwa da hannunka, mai kalar riɗi, ƙanana yadda kake so. Ka zuba goma sha biyu a nawa, goma sha biyu a naka."

Tsohon mai furfura ya ce wallahi yana so ya gani. Da kansa ya fita ya tsinto su, ya zuba, ya cuɗa. Aka fara da shugaban. Allah sarki. Ya gyara gilashi, ya sa yatsa yana tona riɗin ƙwaya-ƙwaya kamar mai neman kwarkwata. Da minti biyar ɗin da aka ba shi suka cika, huɗu ya samu, ɗaya a ciki ma riɗi ne da ya yi baƙi.

Kuskurensa shi ne kuskuren kowace sabuwar yarinya a rumbu. Ba a neman tsakuwa. Shimfiɗa ido ake yi a kan faifan gaba ɗaya, sai ka girgiza. Riɗi yana tafiya tare, tsakuwa tana jinkiri, ita ke tona kanta. 'Yata ta durƙusa a gabana ta miƙo tafin hannu. Na girgiza, na ciro, na sa mata. Na girgiza, na ciro. Su ukun suka taso daga kujerunsu suka sunkuyo a kan faifaina suna ƙirga da ƙarfi. Ni kuwa kaina ya kumbura, ina jin kamar duk matan rumbu suna bayana. Kafin minti biyu na sa ta goma sha biyu a hannun, na ajiye faifai na ce, "To, ya ustaz?"

Sai na ji muryar 'yata daga can baya, wajen ƙofa.

"Yumma, a hannun wa kike zubawa?"

Na ɗaga kai. Wadda ke durƙushe a gabana wata malama ce da ban taɓa sani ba, fara sol, doguwa. Hannun da ke riƙe da tsakuwata ya sha baƙin lalle har wuyan hannu, irin na matan aure, alhali 'yata ko aure ba ta yi ba lokacin. Tun a tsakuwa ta huɗu suka yi musanya. Sau takwas ina taɓa wannan hannun da yatsuna. Ni da na haife ta, na goya ta a gonar auduga, ta tashi daga gabana wata ta zauna ban sani ba.

'Yata ta juya wajen tebur ta ce, "Ya asatiza, malamaina, cikinku wa ya ga lokacin da na tashi?" Ba wanda ya gani. Tsohon ne ya fara dariya har yana riƙe tebur. Ta ce abin da take bincike ke nan: idon da ya ƙware ya ga abin da ba wanda zai gani, kuma a daidai wannan lokacin ya makance ga abin da yaro zai gani. Ta ce tana so ta auna yadda hakan ke faruwa, kuma ba za ta iya ba sai da ɗakin, sai kuma da waɗannan matan.

Shugaban ya ce wannan rufa ido ne irin na 'yan kasuwa. Kunya tana cina a lokacin, amma da na ji haka sai ta koma fushi. Na miƙe na ce, "Wa ya rufe maka ido? Nawa biyu ne a buɗe, naka huɗu. Ni na ga tsakuwa ban ga 'yata ba, na yarda. Kai ba ka ga tsakuwa ba, ba ka ga yarinyar ba, sa'annan kai ne za ka ce ba abin koyo a nan?" Mai ƙibar ya yi tari ya kau da kai. Aka ce mu fita waje.

Ba su daɗe ba. Biyu suka rinjayi ɗaya, aka bar mata ɗakin. A hanyar komawa na ɗaure fuska har muka tsallaka gada muka shiga Umdurman. Tana ta "Yumma, ki yafe mini, da na gaya miki ai da kin gani." Sai a tasha na ce mata, "Gobe ki tanadi kuɗin mota, matan rumbu za su zo. Amma ko wace ce ki yi mata irin wadda kika yi mini, kada ki bar ko ɗaya." Haka kuwa aka yi, suka riƙa zuwa bibbiyu, kowace ta fito tana zagi tana dariya. Aikin nan ya kai ta ƙasashen da ban iya faɗin sunansu ba, yau ita ke da ɗalibai.

Abin da na koya guda biyu ne, kuma ban yarda a raba su ba. Duk wanda ya ce ba ka san komai ba don ba ka riƙe alƙalami ba, miƙa masa kayan aikinka ya gwada a gaban mutane. Amma kai ma, ranar da ka fi tabbata ba abin da ke kuɓuce maka, ranar ce ya kamata ka ɗaga kai ka dubi wanda ke zaune a gabanka.