Likkafanin da Na Ɗinka wa Kaina

Bari in faɗa da bakina tun kafin wani ya riga ni: a labarin nan ni ne wawan. Ba wawan yaro ba kuwa, wawan tsoho mai furfura har a gira, wanda ake matsa wa a sahun gaba a masallaci. Ni tela ne a Tudun Wada, cikin Gusau. Bokona a aji huɗu ya tsaya, lokacin da ni da malamin lissafi muka amince cewa kowa ya kama gabansa. Saboda haka in mai gyaran mujalla ya ga rubutuna ya karkace, ya farke ya sake ɗinkawa, ba zan yi fushi ba.

Da ido ya yi rauni, samari suka kwashe ɗinkin yayi, suka bar mini faci da likkafani. Likkafanin ba na karɓar ko sisi a kansa, lada nake nema. Duk wanda ya rasu a unguwa, shagona ake kawo alawayyo tare da karan da aka auna tsawon mamacin. To, ga al'adar mutanenmu: wanda ya kawo yadin ba ya iya zama shiru a benci. Ina yanka, yana ba ni labarin yadda abin ya faru, ko ban tambaya ba. Wannan jiya ma tare suka yi la'asar, ya ce kafaɗarsa ta riƙe. Wancan jiri kawai ya ce yana gani. Shekara da shekaru ina jin irin wannan, in ce Allah Ya jiƙan rai, in koma gida in cinye tuwona har da suɗi.

Abin ya sauya ne bayan ɗana, shi kaɗai ne namiji da Allah Ya bar mini, ya koma Tsafe ya buɗe shagon gyaran babur a bakin titi, ya kwashi matarsa da 'ya'yansa. Duk Juma'a yakan zo ya gaishe mu. Wanda ke zaune a ƙasar nan ya san abin da hanyar ta zama a 'yan shekarun nan. Ba a hawanta da duku-duku, ba a hawanta da yamma liƙis, kuma kafin ka tashi sai ka tambayi waɗanda suka fito. Ban taɓa ce wa kowa ina tsoro ba. Namiji mai shekaruna ba ya faɗin haka. Sai dai in tsokane shi, in ce mutanen daji in sun kama shi da kansu za su dawo da shi saboda cinsa. Bakina na wasa, ashe jikina bai ɗauki abin da wasa ba.

Da farko zuciyata ce ta riƙa gudu kamar keken ɗinkin da aka taka cikin fushi. Sai ƙirji ya yi nauyi, ka ce dutsen guga aka ɗora mini. In ja numfashi ya tsaya a maƙogwaro ya ƙi sauka. Yatsuna su yi sanyi har allura ta kuɓuce, bayan wuyana ya sandare, ciki ya yi ta ƙugi ina zarya bayan gida. Daga nan na fara yi wa masu kawo alawayyo tambayoyi kamar alƙali. Wace kafaɗar, dama ko hagu? Ya yi gumi? Da safe abin ya fara ko da rana? Kafin in kai ƙarshen kalmasa, tawa kafaɗar ta riƙe, kuma daidai ɓangaren da aka faɗa. Wata rana mai maganin gargajiya ya tsaya kusa da shagona da lasifika yana jero cututtuka. Na saurara da kyau, na tarar babu wadda ba ni da ita, har da wata da ya ce ta masu jego ce.

Na zaga kemis-kemis ana ɗaura mini abin awon jini a dantse, har wani mai kemis ya fara ɓuya in ya hango hulata. Daga ƙarshe na je asibiti. Aka ɗebi jini, aka ɗauki hoton ƙirji, aka manna mini wayoyi kamar rediyon da ake gyara. Likitan, yaro ne da keken ɗinkina ya girme shi, ya duba sakamakon ya ce zuciyata lafiya lau take, da za a yi musaya shi zai karɓa. Sai ya ajiye biro ya tambaye ni, wai Baba, me ke damunka a rai? Na ji haushi ƙwarai. Na zo da ciwon ajali, yaro yana so ya mayar da ni mai tunani. Na ce babu komai. Ya ce a waɗanne ranaku abin ya fi tashi? Na ce masa mutuwa ba kasuwar ƙauye ba ce da za a sa mata rana. Maiɗakina, da ta raka ni, ta sa baki ta ce ita dai ta lura Alhamis da Juma'a ne, da kuma duk ranar da rediyo ya ambaci hanyar Tsafe. Na tuna mata cewa ba ta karanta likitanci ba. Ta ce haka ne, amma ba ta san a aji huɗu ake koyar da shi ba.

Tunda likita ya kasa, sai na shiga shiri. Na sayo alawayyo mai kyau, na rufe shago, na kwanta a tabarma da kara a gefena na auna kaina, na ƙara ɗan tsawo saboda an ce mutum yana miƙewa. Ban taɓa yi wa wani mamaci ɗinki mai kyan wannan ba, Allah Ya yafe mini. Na ninke, na sa turare, na ajiye a akwati. Na daina zuwa masallacin Juma'a da ƙafa, wai kada zuciya ta wahala. Na bar nama, na bar gishiri, na rame. Aikina kullum in zauna a zaure riƙe da tsintsiyar hannuna ina sauraren jijiya, in ta yi sauri in tsorata, in ta yi sanyi in fi tsorata.

Duk wannan wautar a kaina ta tsaya, da sauƙi. Inda na yi ɓarna shi ne waya. In abin ya taso, sai in kira ɗan nawa in ce ya zo, jikin ya ƙi. Ya rufe shago ya hau babur. Ran farko ya shigo a guje ya tarar da ni da ƙwaryar fura. Sau nawa na yi masa haka, kunya ba za ta bar ni in ƙirga ba. Abin mamaki, da na ji sallamarsa a zaure sai dutsen gugar ya sauka daga ƙirjina. Mai hankali da ya gane. Ni kuwa sai na ce ai wannan shi ne sauƙin nan da ake cewa yana zuwa wa mutum gab da tafiya. Ko sau ɗaya ban zauna na yi tunanin cewa hanyar da ke sa mini ciwon, ni ne nake ɗora shi a kanta ba. Maiɗakina ta gaji ta fara ɓoye wayar a buhun gero, ni kuma in bi ƙarar in tono ta.

Ranar da abin ya faru cikin damina ne, dawa ta fi mutum tsawo. Da safe na ɗinka likkafanin wani sa'ana, wanda aka ce ƙirji kawai ya dafe. Kafin hantsi ina kwance ina kalmar shahada. Na aika ƙauyen Furfuri a kira taubashiyata, ɗiyar ƙanwar mahaifina, tsohuwar da ta girme ni nesa amma har yau da kanta take nome 'yar gonarta, mu yi bankwana. Sannan na kira yaron. Ya ce Baba, yau hanya ba kyau, tun safe motoci suke tsaye a tasha, in yi haƙuri zuwa gobe. Na sassauta murya irin ta masu barin duniya, na ce ba komai, in ya zo ya tarar an kai ni, ya yafe mini, kuma keken ɗinkin nasa ne. Na kashe wayar.

Bayan azahar matarsa ta kira tana tambaya ko ya iso, ai tun ɗazu ya hau babur. Muka kira lambarsa, a kashe. Muka sake, a kashe. Ana cikin haka maƙwabcina ya leƙo ya ce labari ya zo an tare hanya tsakanin Tsafe da Gusau. Ban san lokacin da na miƙe ba. Ni da na yi watanni ina cewa ƙafata ba za ta kai ni masallaci ba, na fita da takalmi wari ɗaya, na keta Tudun Wada da gudu, masu kabu-kabu suna kauce mini. Sai da na kai inda motocin Funtuwa, masu biyowa ta Tsafe, ke sauke mutane na tsaya. Duk motar da ta shigo in leƙa, in kwatanta shi, a girgiza kai. Zuciyata ba ta taɓa bugawa irin na ranar ba, kuma ko sau ɗaya ban tuna in riƙe tsintsiyar hannuna ba.

Gab da magariba ya sauko daga bayan wata motar hatsi. Babu babur, babu takalmi, wando a yage, ƙafafu duk jini. Daga baya ya ba mu labari: ya hango motoci suna juyawa, ya ji harbi, ya yar da babur ya faɗa cikin dawa, ya yi ta gudu har ya ɓulla wata ruga. Wani dattijo makiyayi ya ba shi ruwa, ya raka shi ta wata 'yar hanya har bakin titi. Amma a wurin, da ya gan ni tsaye da ƙafafuna ina haki, abin da ya fara fitowa daga bakinsa shi ne, Baba, jikin da sauƙi? Na sha zagi a rayuwata, masu ɗinkin Sallah sun faɗa mini maganganu iri-iri, amma babu wadda ta taɓa shiga jikina kamar wannan gaisuwar.

Na koma wurin likitan nan da hulata a hannu, na faɗa masa gaskiya. Bai yi mini dariya ba, ko da yake na ba shi dama. Ya ce ciwon da nake ji ba ƙarya ba ne. Tsoro in ya daɗe a rai ba a furta shi ba, jiki ne ke ɗaukarsa: zuciya ta yi gudu, numfashi ya gajarta, ciki ya rikice. Mutum ya ji haka ya ƙara tsorata, tsoron ya ƙara wa jikin wuta. Ya koya mini jan numfashi a hankali, ya ce in rage goro da shayi mai kauri, in riƙa tafiya da ƙafa, in riƙa zuwa awo a kan lokaci, ba duk sanda aka kawo alawayyo ba. Ba zan ce na warke sarai ba. Har yanzu ranar Alhamis dutsen gugar yakan leƙo. Bambancin, yanzu nakan ce wa maiɗakina tsoron hanyar nan ya taso, mu zauna mu yi wa yaron addu'a, ba na taɓa waya. Shi kuma na hana shi zuwa sai ranar da ya ga hanya ta yi daɗi. Masu kawo yadi nakan ce su yi wa mamaci addu'a, tarihin ciwon su bar shi a gida.

Ga 'yan'uwana tsofaffi, da ma waɗanda ba su tsufa ba: in jiki ya motsa a je asibiti, wannan ba abin wasa ba ne, ni na san yawan waɗanda na ɗinka wa. Amma in an duba an sake dubawa an ce lafiya, kada a yi fushi da likita. A tambayi kai abin da aka ƙi faɗa. Faɗin ina jin tsoro bai rage wa kowa rawani ba, kuma ya fi sauƙi a kan ka ja wanda kake tsoron rasawa zuwa inda za ka rasa shi.

Wannan wa'azin yanzu na iya shi. A daren ranar da yaron ya kuɓuta kuwa ban gama wauta ba. Muna tsakar gida, taubashiyata ta ɗora ƙafar yaron a cinyarta tana cire masa ƙaya da allurata. Babu wanda ya tuhume ni, amma sai na ga ya kamata in kare kaina. Na shiga ɗaki na ɗauko likkafanin, na warware shi a gabansu, na ce su duba, wanda ya yi wannan shirin ai ba da wasa yake ba. Tsohuwar ta ajiye allura, ta shafa yadin, ta kai kalmasar kusa da idonta ta duba. Ni da ita tun muna yara ba ta taɓa faɗa mini magana ban rama ba, amma wannan har yau ina neman amsarta.

Ta ce, "Ɗinki ya yi kyau, tela. Sai dai wanga likkafani kai ka ɗinka shi, amma awon yaron nan ka ɗauka."