Mis Ozella da Kifi Mai Inci Ashirin

Shekara talatin da ɗaya ina sayar da tana da ƙugiya a bakin tafkin Tolliver, nan kudancin Alabama, kuma a cikin ashirin da takwas na farko ban taɓa ganin Mis Ozella Grantham ta mayar da kifi cikin ruwa ba. Doguwar tsohuwa ce, ta yi ritaya daga ɗakin girkin makarantar firamare, ta binne miji, 'ya'yanta uku duk sun watse birane. Kowace safiya za ta gangaro da malafarta, da gorar fatsa, da farin bokiti. Bokitin nan shi ne kujerarta in ta zo, shi ne ma'ajiyar kifinta in za ta tafi. Ranar Juma'a da yamma sai ta birkiɗa kifin cikin garin masara ta soya a bayan cocinmu, kowa ya zo ya ci. Na san tsofaffin da in ba don suyar nan ba, sai su yi mako guda ba su ci abinci tare da kowa ba.

Kifin tafkinmu bas ne, mai babban baki, wanda in ya wangame sai ka zura dunƙulen hannunka. Shi ya jawo mana 'yan ƙungiyar gasar kamun kifi, masu jiragen ruwa na ƙyale-ƙyale. Su al'adarsu in sun kama sai su auna, su ɗauki hoto, wani har ya sumbace shi, sannan su sake shi. Cin bas a wajensu abin kunya ne. Shugabansu Dewey Kilcrease ba mugu ba ne, sai dai bakinsa ya fi na bas ɗin faɗi.

"Mis Ozella, barka da hantsi!" in ji shi daga cikin jirgi. "Yau kuma jaririn wa za a soya?"

"Dewey, ni na riƙa zuba maka abinci a faranti kana jan majina. Wuce ka je ka sumbaci kifinka, tunda matarka ta gaji."

A haka ake tafiya har tafkin ya fara lalacewa. Manya suka yi ɓatan dabo, sai ƙanana ramammu, ga ƙaton kai ga jiki kamar wuƙa. 'Yan ƙungiya ba su yi wata-wata ba suka ɗora laifin a kan masu bokiti, suka rubuta wa jiha takarda a haramta ɗaukar bas daga tafkin kwata-kwata. Raina ya ɓaci ƙwarai, don na san inda abin zai faɗa. Mis Ozella ta shigo shagona ranar, ba ta zagi kowa ba, wanda ba halinta ba ne. Ta ce, "Cleotis, in suka hana, me zan ce wa mutanen Juma'a?" Sai kawai na ƙara mata tana.

Jiha ta turo wata jami'ar kula da kifi, Renata Sayles. Ta yi mako tana kamawa tana aunawa, sannan ta tara mu a zauren 'yan kwana-kwana. Ta ɗaga wani ɗan kifi mai inci goma sha ɗaya, ta ce shekararsa biyar. Ta ce yunwa ce ta tsumburar da shi: ana ta sakin kowane kifi, sun yi yawa, abincin ruwan bai ishe su ba. Don haka sabuwar doka ita ce, duk wanda bai kai inci goma sha huɗu ba a kwashe a ci. Daga sha huɗu zuwa ashirin da ɗaya kuwa dole a sake shi, don su ne za su zama manyan gobe. Wanda ya wuce haka kuma ana iya ɗauka.

"A duk tafkin nan," in ji ta, "masu bokiti ne kaɗai suke rage masa kaya."

Reshe ya juye da mujiya. Kunnuwan Dewey suka yi jawur. Mis Ozella ta waiwayo daga kujerar gaba, ta ce, "Yaro, ka iya kankare kifi, ko shi ma sai na koya maka?"

Amma rabin dokar na biyu ya tsaya mata a wuya. "Abin da Ubangiji ya maƙala mini a ƙugiya, in ce masa ya yi kuskure?" Na dai lallaɓa ta, na ɗauki fenti na yi mata zane biyu a jikin gorar, ɗaya a sha huɗu, ɗaya a ashirin da ɗaya. Shekara biyu zanen bai yi aiki ba, don gefen da take zama ƙanana ne kawai. Suyar Juma'a kuwa ta bunƙasa, 'yan ƙungiya na kawo nasu ƙananan, Dewey yana gindin kasko tana yi masa faɗa a kan gishiri.

A shekara ta uku, wata safiyar Alhamis cikin watan Maris, na ji Mis Ozella ta ƙwala mini kira. Gorar ta tanƙware kamar baka. Na sheƙa da 'yar ragata, da kyar muka fito da kifin. Mace ce, baƙi-baƙi a gadon baya, ciki dam da ƙwai. Rabon da in ga irinta a Tolliver ya fi shekara goma. Muka shimfiɗa ta a jikin gorar. Ta wuce zanen farko nesa, ta tsaya saura faɗin yatsa ta taɓa na biyu.

Babu jirgi ko ɗaya a kusa. Ni kuwa, ba zan ɓoye ba, na ce, "Mis Ozella, yau na manto tabarau a gida."

Ta harare ni. Ta dubi kifin, ta dubi bokitin. "Shekara hamsin ina jiran wannan," in ji ta a hankali. "Ita kaɗai ta isa ta ciyar da tebur guda." Ta ture bokitin gefe. "Amma dokar da ta bar mini bokitina, ba ni zan ci amanarta ba."

Ta durƙusa da kyar, gwiwoyinta na ƙara, ta tallabe kifin cikin ruwa har ya dawo hayyacinsa. "Tafi, 'yar nan. Je ki haifo mini na suya." Kifin ya kaɗa wutsiya sau ɗaya, ya nutse.

Na kama hannunta ta miƙe. Ta share ido da gefen riga, ta kife bokitin ta zauna.

"In ka gaya wa Dewey, ka ce masa ban sumbace ta ba. Miƙo mini tana, Cleotis. Gobe Juma'a, mutum arba'in ke jirana."