Kafet ɗin Situdiyo Na Biyu

A duk shekarun da na yi ina aiki a gidan rediyo a nan Bauchi, ranar da ta ƙi fita daga raina wata Alhamis ce a tsakiyar damina, ranar da muka wanke kafet ɗin situdiyo na biyu. Ina ba da labarin ne saboda ku sababbin ma'aikata, don na lura a gutsure ake ba ku shi.

Ga wanda bai san situdiyo ba: ɗaki ne da ba shi da taga ko ɗaya, ƙofarsa biyu a jere, kowace da roba a gefenta don kada ƙarar waje ta shigo. Kafet ɗinsa ba na ado ba ne. An liƙa shi ne da gam a kan soso mai kauri domin ya shanye amsa-kuwwa, wayoyin makirfo kuma a ƙarƙashinsa suke bi. A taƙaice, an gina ɗakin ne yadda iska ba za ta shiga ba, abin da ya shiga kuma ba zai fita ba.

A lokacin ni ce mai gabatar da filin mata, wanda muke ɗauka ranar Alhamis mu watsa da safiyar Juma'a. Shugaban sashenmu na shirye-shirye shi ne Alhaji Ɗanjuma, mutumin da duk abin da ya gani a wayarsa da safe yakan zama ƙwararre a kansa kafin Azahar. A wannan makon ya sanar da mu cewa ya wanke kafet ɗin falonsa da kansa a gidansa na Yelwa, bai kira kowa ba, kuma ya fito fes. Saboda haka zai bayyana a shirina a matsayin baƙo, ya koya wa matan Bauchi yadda ake yi.

Na ce, "Ranka ya daɗe, sai mu yi hira ta minti goma."

Ya ce, "Hira? Malama Hauwa, rediyo sauti ne. Dole mai sauraro ya ji ƙarar buroshi da kunnensa. A situdiyo za mu wanke, muna yi muna ɗauka."

Mutum biyu ne suka yi magana. Na farko Injiniya Bulus, mai kula da na'urorinmu, wanda ya ce, "Oga, waya yana ƙasa fa." Alhaji ya ce masa ai waya a cikin roba take. Ta biyu Iya Talatu, mai shara, ma'aikaciyar wucin gadi wadda ta kusa shekara goma sha biyar tana share wannan ɗakin. Ta shigo da bokiti biyu kamar yadda aka umarce ta, ta ajiye, ta dubi ƙasa.

"Yallaɓai, wannan ba ya ɗaguwa. Ina za mu shanya shi?"

"Iya, ke dai zuba."

"Ni da tsumma nake bin sa, a matse."

"Shi ya sa shekara da shekaru bai fita ba."

Da ƙarfe goma sha ɗaya muka kunna na'ura. Zan yi wa Alhaji adalci: ya iya magana. Ya naɗe hannun riga, ya barbaɗa garin sabulun da ya aika aka sayo a kasuwar Muda Lawal, ya durƙusa da buroshi, yana gurza yana bayani cikin murya mai daɗi. "Uwargida, kada ki ji tsoron ruwa. Ruwa shi ne sirrin. Kin ji na ce a ƙaro bokiti na shida." Kumfa ta kai mini idon sawu. Na ɗaga ƙafafuna na ɗora a kan sandar kujera, na ci gaba da yi masa tambayoyi, don aikina ke nan. Da muka gama ya sa aka kawo fanka ɗaya, aka rufe ƙofofin, ya ce kafin gobe ya bushe.

Wajen tace shirin na cire tari biyu da faɗuwar buroshi. Muryar Iya, da makirfo ya ɗauko daga nesa tana maimaita tambayarta, na tambayi Alhaji ko in cire. Ya ce in bar ta, tana ƙara wa shirin armashi, mutane za su ji yadda ake wayar da kan wanda bai sani ba.

Ranar Juma'a shirin ya fita. Ranar Asabar mai karanta labarai ya shigo, duk motsin da ya yi da ƙafa sai masu sauraro su ji caɓal. Ranar Lahadi makirfo biyu suka fara wani gurnani da Injiniya Bulus ya kasa kashewa. Ranar Litinin aka buɗe ƙofa, wanda ya buɗe ya ja da baya. Ban san yadda zan kwatanta warin ba sai dai in ce kamar an jiƙa buhun dawa an manta da shi a bayan ɗaki. Wani malami da muka gayyato ya yi mana bayani a kan tarbiyya ya zauna minti huɗu, ya ce a yi masa uzuri, ya tuna yana da jana'iza. Aka rufe situdiyo na biyu, aka mayar da komai situdiyo na ɗaya, shirye-shirye suka riƙa cin karo da juna.

A ƙa'idar aiki, idan kayan gidan suka lalace, Janar Manaja yakan kafa kwamiti, kwamiti ya ba wanda ake zargi takardar neman ba'asi, shi kuma ya amsa a rubuce. Ma'aikacin dindindin yana da matakai kafin a taɓa shi: gargaɗi, dakatarwa, sannan kora. Na wucin gadi ba shi da ko ɗaya, ce masa kawai ake yi kada ya zo gobe. Rahoton da sashenmu ya tura sama layi uku ne, kuma ya ce ɓarnar ta faru ne "sakamakon sakacin mai kula da tsaftar ɗakin". Aka miƙa wa Iya Talatu takarda, ita da ba ta karatun boko. Ta kawo mini har teburina.

"'Yata, me suka ce na yi?"

Na karanta mata. Ta ce, "To ai ni na zuba ruwan." Jikoki uku take riƙo a unguwar Wunti, a kan wannan sharar.

Ranar Laraba kwamiti ya zauna, aka kira ni shaida. Kafin in shiga Alhaji ya tare ni a baranda, ya ce, "Malama Hauwa, kin san dai yadda ake magana a irin wannan wuri. A taƙaita." Na ce in sha Allahu ba zan ce komai ba. Kuma ban ce ba. Na je ɗakin ajiyar shirye-shirye, inda doka ta ce a adana duk abin da aka watsa, na sa hannu na karɓo shirin Juma'a, na roƙi kwamiti ya saurara.

Aka kunna. Ga muryar Alhaji, tas, yana ƙirga bokitai. Ga Iya daga nesa: "Yallaɓai, ina za mu shanya shi?" Da aka zo wurin "kada ki ji tsoron ruwa", sai Janar Manaja, wanda ya shigo ya zauna a gefe, ya ɗaga hannu a tsayar.

"Ashe kai ne. Kwana huɗu ke nan muna cin abinci a tsakar gida. Hajiyata ta wanke kafet ɗin falo, ta ce a rediyonmu ta ji." Ya juya ya dubi Alhaji Ɗanjuma. "Alhaji, naka na gida yaushe ka wanke?"

"Wajen watan Maris, ranka ya daɗe."

"A ina ya bushe?"

"A kan katanga."

"Sau nawa ka taɓa yi?"

Alhaji ya gyara hularsa. "Wannan ɗin dai."

Aka janye takardar Iya Talatu a ranar. Babu wanda ya ba ta haƙuri, amma ita aka sa ta jagoranci ɓamɓare kafet ɗin, ta yi kwana biyu tana kankare funfuna da hanci a ɗaure. Shi kuwa Alhaji ba a ba shi takarda ba. Bayan wata biyu aka mayar da shi sashen bincike da tsare-tsare, aka yi masa walimar ƙarin girma, ni aka sa na karanta jawabin yabo. Masu sauraro sun yi mako uku suna bugo waya suna ƙorafi, muka shirya wani shirin na gyara, muka gayyato mai sana'ar wankin kafet daga cikin gari. Duk abin da ya faɗa a rabin sa'a, Iya ta riga ta faɗe shi a jimla biyu.

Abin da na koya shi ne, a aikinmu makirfo yana bin muƙami ne, ba ya bin sani, kuma mai sauraro a gida ba shi da hanyar bambancewa. Duk wanda ya ji murya mai daɗi daga rediyo sai ya ɗauko bokiti. Saboda haka idan aka kawo muku wani aka ce ƙwararre ne, ko da shi ke sa hannu a takardar hutunku, kafin ku kunna na'ura ku tambaye shi sau nawa ya yi abin da hannunsa, kuma a wane wata.