Cikin Wata Bakwai a Bayan Gilashi

Jama'a, yau mutum-mutumi ya tona min asirin shekara talatin!

'Yata Maryam, mai karatun jinya, ita ta matsa min. "Yalla Baba, zo ka ga kayan likitocin da." Muka taso daga Hindawiyya, unguwarmu a nan ƙasa mai tsarki, zuwa makarantarsu. Ɗaki guda cike da sassan jikin mutum na kakin zuma a cikin gilashi, har da jijiyoyi!

A ƙarshen ɗakin sai ga mace kwance, cikinta a buɗe, jariri ya naɗe a ciki. Ban san lokacin da na cire rawanin kaina na rufa wa gilashin ba. Mai gadi ya taso. "Ya Hajj, kaki ne fa!"

Na ce na sani. Na tambayi Maryam, wata nawa ne cikin? Ta duba rubutun, ta ce bakwai.

Da cikin wata bakwai na bar Hajara, matata ta fari, na ce mata daga aikin hajji zan dawo suna. Ban koma ba. Alhazan garinmu Rimi ma ɓuya nake musu.

Na ce, "Maryam, ba ke ce babba a 'ya'yana ba."

Ta ciro waya. "Mu nema, Baba. Yaya sunan?"

Wallahi ban sani ba. Ko mace ce ko namiji ban sani ba.

Don Allah, cikinku wa ke da ɗan'uwa a Rimi?