Lofen Kawu marar hayaƙi

Tarin kawuna ne ke fara gaishe ka kafin shi. Idan ka sauka daga mota a Kanan-Bakashe ka bi turbar ƙauyensu, tun daga bakin rijiya za ka jiyo shi, kul-kul-kul, kamar ana buga tsohuwar ƙwarya. Yayan mahaifiyata ne, manomi, mai ƴan awaki, kuma mashayin taba tun ba a haife ni ba. Lofensa na yumɓu ne, ƙafarsa ta kara, ta yi baƙi ƙirin don tsufa. Ni kuwa a lokacin ina koyarwa a lakwal, wato makarantar boko, a Tasawa, shi ya sa bai taɓa kiran sunana ba, sai Mushe, yadda ake kiran malamin boko a wajenmu.

A shekarar da nake ba da labari damina ta yi gardama. Gero ya fito ya tsaya a gwiwa, rumbuna suka cika da iska. Da rani ya yi nisa, har busasshiyar ciyawa ta zama hajar kasuwa, ana ɗaure ta ƙanana-ƙanana ana ciniki kamar atamfa. Ana cikin haka sai sojoji suka karɓi mulki a Yamai. Da na kai wa Kawu labarin, ko gezau bai yi ba. Ya ce shi tun yana saurayi ya lura, in ruwa ya ƙi zuwa to soja na nan tafe, sai ka ce mota guda ke kawo su.

A cikin wannan ranin tarin ya matsa masa. Matarsa, wadda muke kira Inna, ta tasa shi gaba har wajen likita a Mayahi. Likitan ya saurari ƙirjinsa ya ce hayaƙi ne, ya bar shi in yana son ganin jikokinsa sun girma. Kawu ya yi alkawari da babbar murya. Inna ta ce alkawarin ya kai su har tashar mota, can ya cika lofe don murnar an gama da likita.

Kawu yana da ɗa a Beljik, taubashina, wanda ke aikin ɗaukar kaya a wani babban sito. Tun muna yara ba mu taɓa yin magana ba tare da tsiya ba. Wata rana ya kira ni a salula ya ce, "Kai bawana, ka ji Baba zai kashe kansa da lofe?"

Na ce, "Na ji, ubangidan da ya gudu ya bar bawa da wahala."

Ya ce a can akwai wata ƴar na'ura ta aljihu, ana zuba mata busasshen ganye ta ɗumama shi ba tare da ta ƙona ba, mutum ya zuƙi tururin, babu hayaƙi babu toka. Iri-iri ne, in ji shi, shi ma bai san kansu ba. In kai Kawu siber, wato shagon da ake biya a duba intanet, mu zaɓi guda, shi zai saya ya aiko. Ya ƙara da cewa, "Ka dai iya karatu, ko da ba ka iya komi ba."

Ranar kasuwar Tasawa Kawu ya zo sayar da wani bunsuru da ya rasa abin ba shi. Da ya gama na ja shi siber ɗin da ke kusa da tasha. Ya cire takalmansa a bakin ƙofa kamar zai shiga masallaci, mai shagon ya ce ya maida abinsa. Muka zauna gaban ordinata, wato kwamfuta, ni a kan kujera, shi a kan benci ya dogara da sandarsa. Intanet ɗin ranar rarrafe yake yi. Hoto sai ya fara fitowa daga sama a hankali, kamar mai lulluɓi tana janye mayafi tana jin kunya. Kawu ya ce in ba don kuɗi muke biya ba da ya yi ƙailula.

Da rubutun ya bayyana na fara karanta masa ina fassarawa. Layin farko ya ce na'urar ta herbe sèche ce. Ni kuma na fassara yadda na koya wa yara, na ce ta busasshiyar ciyawa ce.

Kawu ya gyara zama. "Ciyawa? A wagga shekara? Mushe, bunsuruna na saida yanzun nan don ba ni da abin ba shi, za ka kawo mini wata dabba ta ƙarhe?"

Mai siber, wanda ke saurare daga teburinsa, ya fashe da dariya har ya sunkuya. Ya taso ya nuna mini ƙasan shafin, inda wani hoto ya gama fitowa: koren ganye mai yatsu a baje kamar tafin hannu. Sai a lokacin na gane irin ciyawar da masu shafin ke nufi. Na karanta gaba, na ga ba ɓoye-ɓoye, duk bayanin na mashaya tabar wiwi ne, musamman sababbin shiga da ba su san wadda za su saya ba.

Na juya na ce, "Kawu, gaskiya waɗanda suka ƙera abin nan don wiwi suka ƙera shi."

Ya ƙura wa ganyen ido. Sannan ya ce, "To ni taba zan sa. Ƙarhen ya san bambanci ne?"

Na duba na ce, ga alama bai sani ba, don sun ce kowane busasshen ganye yana shiga.

"To karanta mu ji."

Haka muka shiga zaɓe, kuma ban taɓa ganin Kawu ya yi ciniki da natsuwa irin ta ranar ba, ko a kasuwar shanu. Shafin ya raba su gida biyu. Akwai waɗanda ganyen ke kwanciya a kan ƙarfe mai zafi, akwai waɗanda iska mai zafi ke ratsa ganyen. Na rasa yadda zan bayyana masa, sai shi ya taimake ni. Ya ce ta farkon gashin tsire ke nan, ta biyun kuwa dambu a madambaci. Na ce haka ne daidai. Ya ce dambu ya fi daɗi amma tsire ya fi sauri, mu ci gaba.

Wata baƙa mai sheƙi ta ɗauki hankalina, tana da ɗan gilashi mai nuna lambobin zafi, ana ƙarawa ana ragewa. Kawu ya ce shi lambar salular ɗansa ma Inna ke riƙe masa, ba zai ƙaro wasu lambobi ba. Wata kuma bakin zuƙarta na kwalba ne. Ya tambaya in ta faɗi daga aljihu a kan jaki fa? Muka wuce. Wata tana aiki da gas irin na birike, abin kunna sigari, ni na ga ta dace tunda ƙauyensu babu kuran, wato lantarki. Da na karanta masa cewa tana ɗan huci idan an kunna, ya ce ba zai sa abin da ke huci a aljihun rigarsa ba, ya san macizai.

Muna tsaka da haka kuran ya ɗauke. Muka fita bakin shagon muka sha shayi, Kawu ya ciro lofensa ya cika, ya ce ban kwana ne. Da wuta ta dawo muka sake daga farko.

Can wajen ƙarshe wata ƴar akwati ta katako ta fito, ba ta kai kwalin ashana biyu ba. Ba lamba, ba gilashin karatu. Ana zuba ganye a ciki a rufe, a danna pil, wato batir, a gefe, irin na tocila amma mai sharji, in ya ƙare a sake cika shi da wuta, a zuƙa a hankali. Kawu ya kai yatsa ya taɓa fuskar ordinatar.

"Wagga. Itace ne. Itace na san shi."

Na karanta masa gargaɗin cewa ganyen sai an niƙa shi da laushi, kuma sai an riƙa share cikin da ɗan buroshi. Ya ce Inna na da turmi. Pil kuwa, ai akwai mai sharjin salula a kasuwar Kanan-Bakashe da faifan hasken rana. Aka gama magana.

Ta ɗauki makonni kafin ta iso, a hannun wani ɗan Maradi da ya zo ganin gida. Na je na karɓo, na hau taksin daji, motar hayar ƙauyuka, zuwa wajen Kawu. A lokacin shingaye sun yi yawa a hanya saboda sabon mulki. A ɗaya daga ciki jandarma ya ce kowa ya buɗe jakarsa. Ya ciro kwalin, ya juya shi, sai ga koren ganyen nan a bayansa ɓaro-ɓaro, ni ban ma lura da shi ba. Duk ƴan motar suka zuba mini ido.

"Mushe ne kai?" ya tambaya, yana duba katina.

"E, ranka ya daɗe."

"Wannan kuke koya wa yara?"

Na kwashe labari tun daga tarin Kawu har bunsuru na faɗa masa. Ya buɗe akwatin ya sansana, ya ji ƙamshin sabon katako kawai. Ya daɗe yana jujjuya ta. Sannan ya rage murya ya ce shi ma tsohonsa haka yake fama da sigari, in ta yi aiki in faɗa masa idan na sake biyowa. Ya miƙo mini ita tsirara, ya riƙe kwalin. "Wannan hoton ne zai sa ka kwana a wajenmu wata rana," in ji shi.

Gwajin farko a tsakar gida aka yi shi, bayan la'asar, Inna na zaune a kan tabarma tana sa ido. Ta daka tabar ta yi laushi. Na zuba, na nuna wa Kawu yadda ake danna pil. Ya zuƙa da ƙarfi irin yadda ya saba, ya fesar, ya kalli sama.

"Ina hayaƙin?"

Na ce ai don babu shi aka saye ta.

Ya ce rabin daɗin taba kallon hayaƙinta ne yana tashi, wannan kuwa kamar a ba ka hura a ce ka sansana. Ya sake dannawa, ya ƙi saki, har tabar ta kama da wuta a ciki. Hayaƙi ya turnuƙe, ya yi tari har da hawaye, yana cewa yanzu ta fara hankali. Inna ta karɓe ta daga hannunsa ta ce in koya mata ita. Cikin ɗan lokaci ta gane: a danna kaɗan, a saki, a girgiza, a ja numfashi sannu kamar mai shan kunu da zafi. Daga ranar ita ke cikawa ta miƙa masa, ita ke sharewa.

Labari bai daɗe ba ya fita, ta wajen mai sharji, wanda ya tambayi Kawu pil ɗin na mene ne, Kawu kuma ya zayyana masa komi har da ganye mai yatsu. Sai ga wani mai haƙar rijiya na ƙauyen, magidanci mai jajayen idanu wanda kowa ya san abin da yake sha a bayan gari, ya fara zuwa gaida Kawu safe da yamma. Da can ko a suna ba ya zuwa. Ina nan ranar da ya kasa daurewa, ya durƙusa ya ce, "Baba, a ara mini ita kwana guda."

Kawu ya ce, "Ba ta kwana waje. In taba kake so, zauna Inna ta cika maka."

Ya zauna, ya zuƙa, ya jira, ya sake zuƙa. Ya miƙo ta da ladabi ya ce, "Baba, wannan ai Turawa sun cuce ku." Bai sake zuwa gaisuwa ba.

Ba zan ce akwatin ta warkar da Kawu ba, ni ba likita ba ne. Abin da na gani shi ne, a gida gaban Inna akwatin yake sha, in ya tafi gona kuwa lofe na cikin aljihu. Da ruwa ya sauka aka yi shuka, aiki ya yi yawa, sai zaman daka taba da jiran pil ya fara gundurarsa. Azumi ya zo a tsakiyar damina, Kawu ya riƙa wuni ba ko ɗaya, da shan ruwa kuma Inna ta riƙa tura masa goro kafin ya tuna. Bayan salla ya ce duka biyun sun ishe shi, akwatin ba ta da daɗi, lofen kuma ya fara yi masa ɗaci. Tarin bai tafi duka ba, amma sai ka shigo zaure kafin ka ji shi.

Na sake bin hanyar nan sau da yawa ban tarar da jandarman ba, an canza masa wuri. Taubashina kuwa da ya kira yana tambaya ko na'urar ta yi amfani, Kawu ya karɓi salular da kansa. Ya ce ta yi ƙwarai, Allah ya yi albarka. Ya ce pil ɗin da suka zo da ita ya sa su a rediyonsa, suna kai shi mako yana jin ko sojoji sun sa ranar zaɓe, don haka in an samu mai zuwa a aiko masa da wasu huɗu.